Na Daina Shan Maganin Damuwa Don In Ceci Aurena, Sai Ga Wata Matsalar Ta Ɓullo

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ina da mata da yara biyu. Kimanin shekara ɗaya da rabi da ta wuce na shiga wani hali na damuwa da fargaba, ba barci, ba sukuni, ko aiki ba na iya yi. Likita ya ɗora ni a kan wani magani mai suna paroxetine, kuma gaskiya na ga amfaninsa, hankalina ya dawo jikina. Sai dai tun watan farko sha'awata ta yi ƙasa, idan ma mun sadu da iyalina sai in daɗe ban kawo ba, wani lokacin har mu gaji mu haƙura. Kunya ta hana ni faɗa wa likita. Matata kuma ba ta san ina shan maganin ba, a wurin aiki nake ajiye shi. Ta fara zargin ko na daina sonta, ko kuma akwai wata a waje. Wata biyu da suka wuce na daina sha ba tare da shawarar kowa ba. A makon farko na sha jiri da tashin zuciya, da wani abu kamar lantarki yana fizgata a ka. Sha'awa ta ɗan dawo, amma yanzu ko minti ɗaya ba na yi nake kawowa, abin da ban taɓa fuskanta ba kafin maganin. Ga rashin barcin ya fara dawowa. Yanzu gudun shimfiɗar nake yi gaba ɗaya. Wani abokina ya ce in riƙa shan tramadol kafin kwanciya. Malam, maganin nan ya lalata ni ke nan har abada? In koma kansa in rasa matata, ko in bar shi in rasa hankalina?

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don na san ita ce ke hana ka sakat. Ba a tsakanin matarka da hankalinka za ka zaɓa ba. Hanyoyi biyu kawai kake gani saboda kai kaɗai kake lissafin, kuma mutum biyun da za su iya buɗe maka sauran hanyoyin, likitanka da matarka, babu wanda ka bari ya san abin da ake ciki.

Abin da ya same ka yana da bayani, kuma bayanin ba mai wuya ba ne. Paroxetine na cikin dangin magungunan damuwa da ake kira SSRI, tare da su fluoxetine da sertraline da citalopram da escitalopram. Aikinsu shi ne ƙara yawan wani sinadari mai suna sirotonin a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan sinadarin yana taimakawa wajen kwantar da fargaba, amma a ɓangaren saduwa kamar birki yake: idan ya yi yawa, sha'awa ta lafa, inzali ya yi jinkiri ko ya ƙi zuwa, wasu kuma gabansu ya rage ƙarfi. A cikin dangin nan kaf, paroxetine ne aka fi sani da jinkirta inzali. Har ma likitoci kan rubuta shi, da gangan, ga mazan da ke fama da saurin kawowa. Ka ga ke nan jikinka ya yi wata da watanni yana tafiya da birki a take, ya saba da hakan, sai rana ɗaya ka ɗage ƙafa gaba ɗaya. Jinkirin da ka sha a da da saurin da kake fama da shi yanzu duk daga tushe ɗaya suke. Jirin nan da tashin zuciya da fizgar lantarki a ka su ma sanannun alamu ne na yanke maganin farat ɗaya, kuma paroxetine da wani maganin damuwa mai suna venlafaxine sun fi kawo su, saboda ba sa daɗewa a jini kafin su fita.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne kunya ta rufe wa baki. A 1997 wasu likitoci a ƙasar Sifen sun wallafa bincike a kan mutum 344 masu shan irin waɗannan magunguna. Waɗanda suka kawo ƙorafin matsalar saduwa da kansu kashi 14 cikin 100 ne kacal. Da likitocin suka yi tambayar kai tsaye, sai adadin ya tashi zuwa kashi 58. Wato mafi yawan masu matsalar shiru suke yi, likita kuma ya zaci komai lafiya. A nan ina ganin laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Ya kamata a ce ranar da aka rubuta maka maganin an gaya maka hakan na iya faruwa, an kuma tambaye ka duk lokacin da ka koma. Likitoci ma mutane ne, wasu kunyar ce ke kama su, wasu kuma layin marasa lafiya ne ya yi musu yawa. Amma wannan ba zai zama dalilin da za ka guji likitan ba. Da ka faɗa, da wuya ya yi mamaki, don ba kai ne na farko da ya ji daga bakinsa ba.

Sai batun "har abada". Ba zan ɓoye maka ba, akwai mutanen da matsalar ke ci gaba da damunsu bayan sun daina maganin, musamman mutuwar sha'awa da dushewar jin daɗi a al'aura. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta nemi a rubuta gargaɗi a kan haka a takardar da ke cikin kwalin waɗannan magunguna. Sai dai yawancin mutane suna dawowa daidai bayan an daina ko an canza maganin, kuma abin da ka bayyana yana ba ni ƙwarin gwiwa: sha'awarka ta fara dawowa, jikinka yana amsawa. Wata biyu bai isa a yanke hukunci ba, balle ga mutumin da fargaba ta sake kama shi.

Ina so ka lura da wannan, domin ɗage birkin ba shi kaɗai ke aiki a kanka ba. Fargaba ita kanta tana kawo saurin inzali. Namijin da ya shiga ɗaki yana lissafin "yau ma haka za ta faru" ya riga ya ɗaure jikinsa tun kafin a fara. Daɗewa ba a sadu ba yana ƙara saurin, kai kuma ka ce gudun shimfiɗar kake yi, to duk ranar da aka haɗu sai abin ya fi na baya muni, sai ka ƙara gudu. Akwai kuma wani abin da maza da yawa ba sa lura da shi: idan gaba ba ya riƙe ƙarfinsa, mutum kan yi gaggawa ba da saninsa ba don ya gama kafin ya kwanta. Ka tambayi kanka ko haka na faruwa da kai, don idan haka ne, raunin ake fara magancewa. Game da minti kuwa, masana sukan kira shi saurin inzali na daga baya idan lokacin ya ragu sosai zuwa kamar minti 3 ko ƙasa da haka, mutum ya kasa riƙewa, abin kuma yana damunsa. Naka ya shiga wannan bayanin. Amma kada ka ɗora wa kanka wani dogon buri da hirar abokai ta gina maka. Wani bincike da aka wallafa a 2005 a kan ma'aurata kusan 500 a ƙasashe biyar, inda aka auna da agogo, ya samu cewa matsakaicin lokaci minti 5.4 ne. Masu cika baki da rabin awa, yawancinsu ba su taɓa duba agogo ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka jimla ce guda da ka wuce ta da sauri: rashin barcin ya fara dawowa. Da shi ciwon ya fara a karon farko. Saboda haka ina roƙonka ka koma wurin likita a cikin makon nan, kada ka jira sai abin ya kai inda ya kai a da. Kada kuma ka ɗauko ragowar ƙwayoyin da ke wurin aiki ka ci gaba da sha a kan adadin da ka tsaya. Bayan wata biyu jikinka ya sauka daga kansa, likita ne zai ce a koma ko kada a koma, da kuma a kan nawa. Idan kuwa ka fara jin rayuwa ta ishe ka, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, wannan ba na jiran mako ba ne, ka tafi asibiti a ranar, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai.

Hanyoyin da ke hannun likita sun fi yadda kake zato yawa. Yana iya mayar da kai kan dangin SSRI amma a ƙaramin adadi, kuma abin mamaki a halinka shi ne wannan na iya jifar tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya kwantar da fargabar ya kuma rage saurin, idan aka dace da adadin da bai kashe sha'awa ba. Yana iya canza maka zuwa maganin da bai cika taɓa wannan ɓangaren ba. Akwai mirtazapine, wanda ke sa barci, abin da zai iya yi maka amfani, amma yana buɗe ciki ya sa ƙiba. Akwai bupropion, wanda ke aiki ta wata hanya daban ba ta sirotonin ba, sai dai ba a ba mai tarihin farfaɗiya, kuma yana iya ƙara wa wasu rashin barci da zullumi. Akwai vortioxetine, akwai agomelatine wanda ke buƙatar a riƙa gwajin hanta. Kowanne da ribarsa da illarsa, ba kuma kowanne ake samu a ko'ina ba, shi ya sa ba zan ce maka ga wanda za ka sha ba. Idan raunin gaba ne ya shigo ciki, sildenafil ko tadalafil na taimaka wa maza da yawa masu shan maganin damuwa, amma haɗari ne babba ga mai shan maganin ciwon zuciya na dangin naitiret, don haka shi ma sai da takardar likita. Ka kuma tambaye shi game da jinya ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan'adam, inda ake koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke hura masa fargaba. Ga damuwar da ba ta yi tsanani ba wannan kan wadatar, ga wadda ta yi tsanani kuma yana ƙarfafa aikin magani. Duk wanda aka zaɓa, ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, sannan a sauka a hankali cikin makonni ko watanni.

Ka nemi a duba jikinka ma, kada a ɗora wa magani komai. Ƙwayar tayirod da ke wuya idan ta yi aiki fiye da kima tana kawo saurin inzali, tana kuma kawo fargaba da rashin barci, ka ga ta yi kama da naka ta fuska biyu. Kumburin furostet, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ma yana kawo saurin inzali. Ciwon suga da hawan jini kuwa su ne kan gaba wajen raunana mazakuta. Gwajin jini da awo kaɗan sun isa a cire waɗannan daga lissafi.

Bari in ɗan ratse, saboda na san akwai masu karanta wannan da ba maganin damuwa suke sha ba. Magungunan da ake ba masu ruɗewar tunani ko jin muryoyi, irin su risperidone da haloperidol, suna toshe aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, sai furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, ya hau. Sakamakonsa a namiji mutuwar sha'awa, raunin gaba, wani lokacin kumburin nono. A mace kuma ɗaukewar al'ada da zubar ruwan nono ba tare da shayarwa ba, ga bushewar gaba da rashin kaiwa ga biyan buƙata da mata kan fuskanta da dangin SSRI ma. Ana auna furolaktin a jini, kuma akwai irin su aripiprazole da ba su cika ɗaga shi ba. Masu shan waɗannan sun fi kowa buƙatar kada su daina da kansu. Wanda kuma yake shan trazodone ko chlorpromazine ya ga gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, ya garzaya asibiti, jinkiri na iya lalata wurin.

Tramadol kuwa, a'a. Abokinka ba ƙarya ya yi ba da ya ce yana jinkirta inzali, amma rabin labarin ya ba ka. Tramadol ɗan gidan su ofiyom ne, yana kama mutum, wanda ya fara da ƙwaya ɗaya don kwanciya kan wayi gari ba ya iya tashi aiki sai da shi. Yana jawo farfaɗiya. Shan sa na dogon lokaci yana rage sinadarin namiji, ya kashe sha'awar da ake neman gyarawa. Mafi haɗari a gare ka, shi ma yana ɗaga sirotonin, to idan ya haɗu da maganin damuwa a jiki ana iya samun zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. An gudu ba a tsira ba ke nan. Akwai maganin da aka yi musamman don saurin inzali, dapoxetine, da ake sha awa 1 zuwa 3 kafin saduwa, amma shi ma SSRI ne, ba a haɗa shi da wani maganin damuwa, kuma ba a ba wanda ya taɓa yin damuwa mai tsanani. Magungunan ƙarfin maza da ake tallatawa a intanet da sunan wai na ganye ne zalla, an sha kama su da sildenafil a ɓoye a ciki ba tare da an rubuta ba. Ka nisance su.

Yanzu mu zo kan matarka, wadda a ganina ita ce aka fi bari a duhu a labarin nan. Ka tsaya a inda take ka duba. Mijinta ya shiga wani hali, ya fito, sai ya daina nemanta. Idan sun haɗu ba ya gamsuwa. Daga baya kuma ya koma yana kauce wa ɗakin gaba ɗaya. Ba wanda ya ba ta dalili, to dole zuciyarta ta samar mata da nata, kuma dalilan da zuciya ke samarwa a irin wannan hali biyu ne: ko ni ce na daina burge shi, ko akwai wata. Zarginta ba rashin hankali ba ne. Tana can tana tuhumar jikinta da kwalliyarta a kan abin da ƙwayar magani ta haddasa. Ka ɓoye mata ne don kada darajarka ta ragu a idonta, na fahimci haka, ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa mutane na yi masa mummunar fassara. Amma ka auna da kanka: wanne ya fi sauƙi a wurin mace, ta ji mijinta ya yi rashin lafiya yana shan magani, ko ta ci gaba da kwana da tunanin yana cin amanarta? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba a kan gado ba, ba kuma bayan an yi saɓani ba. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce mata wani abu kamar haka: "Akwai abin da na ɓoye miki, kuma ban kyauta ba. Lokacin da na shiga halin nan likita ya ba ni magani, shi ne ya taɓa mini sha'awa. Na daina shi, sai ya bar ni da wata matsalar. Babu wata, kuma ba laifinki ba ne. Kunya ce ta hana ni faɗa." Ka nuna mata kwalin da takardar da ke ciki, ta karanta da idonta, don matsalar saduwa a rubuce take a jerin illolinsa. Kada ka sa ran za ta yi murna nan take. Tana iya yin fushi a kan ɓoyewar, tana da haƙƙin yin hakan, ka bar ta ta yi, kada ka kare kanka. Idan kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka rubuta mata. Idan kuma kana tsoron ba za ta yarda ba, ka ce ta raka ka wurin likita ta ji daga bakinsa. Ni da za ka bi tawa, da tare za ku je ko da ta yarda, domin matar da ta san alamomin dawowar ciwon takan gan su kafin mai ciwon ya gani. Ka roƙe ta maganar ta tsaya a tsakaninku.

Da zarar ta sani, akwai abin da za ku fara tun kafin magani ya kama aiki. Ku yi yarjejeniya na ɗan lokaci cewa za ku riƙa kusantar juna, taɓawa da wasa da runguma, ba tare da dole sai an kai ga saduwa ba. Wannan yana cire maka jin kamar jarrabawa za ka shiga. Sannan ku gwada dabarar tsayawa da ci gaba, wadda wani likitan mafitsara a Amurka, James Semans, ya bayyana tun 1956: idan ka ji ka kusa, ka tsaya cak har jin ya lafa, sannan a ci gaba, a maimaita sau uku ko huɗu kafin a bari ya zo. Wasu masu bincike a kan saduwa, Masters da Johnson, sun ƙara da matse kan gaba na 'yan daƙiƙoƙi a daidai wannan lokacin. Abin yana son haƙuri da maimaici na makonni, kuma ranar da bai yi ba ku yi dariya ku wuce. Kwaroron roba yana rage kaifin ji. Akwai man shafawa ko feshi mai lidocaine da ke ɗan dusashe wurin, ana sa shi kafin saduwa, a goge ko a sa kwaroro don kada ita ma ya kashe mata ji. Motsa tsokar da kake matsewa idan kana riƙe fitsari, kullum, yana taimaka wa wasu. Ka kuma tuna cewa gamsuwar mace ba a kan daɗewarka kaɗai ta rataya ba. Idan ka ba ta lokacinta tun a wasa har ta samu biyan buƙata, rabin nauyin da ke kanka ya sauka.

Kafin ka shiga wurin likita, ka rubuta a takarda: sunan maganin da adadin da kake sha, lokacin da ka fara da lokacin da ka daina, yadda saduwarku take kafin maganin, yadda ta koma a kansa, yadda take yanzu, da daren da barci ya fara ƙaurace maka. Ka rubuta duk wani abin da kake sha, har da wanda ba likita ne ya ba ka ba. Idan ka zauna a gabansa harshenka ya yi nauyi, ka miƙa masa takardar kawai. Idan ya yi watsi da maganar, ya ce ai lafiyar ƙwaƙwalwa ta fi, ka ce masa wannan matsalar ce ta sa ka daina maganin a karon farko, kuma ba ka son ta sake sa ka. Idan duk da haka bai saurare ka ba, ka nemi ganin wani likitan ƙwaƙwalwar ko likitan mafitsara. Ka rubuto mini bayan kun gana in ji abin da aka tsayar. Allah ya ƙara sauƙi, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.